Tabarmar Malam Maitama a Ƙofar Gidan Jatau

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe. Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Mai Unguwa, da dattawan reluwe abokan aikin marigayi, da 'yan'uwan da suka yi sammako daga Zurmi da Shinkafi da Katuru. Inna Balaraba, wadda ke saurarenmu daga cikin zaure tare da 'yarta Zulaihat da sauran mata. Ismail, babban ɗan marigayi. Jama'ar unguwarmu baki ɗaya: assalamu alaikum.

Sunana Mu'awiya. Katanga ce kawai tsakanin gidana da na Malam Maitama, shi ya sa dattawa suka ce in yi magana da yawun unguwa a wannan zama na addu'ar arba'in. Na karɓa, ko da yake na san harshena ba zai kai ba.

Malam ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta nan Ƙaura har ya yi ritaya. Kun san a nan layin dogo ya ƙare, don haka kullum akwai wanda zai sauka bai san kowa ba. Ya kasance in jama'a suka watse ya ga mutum tsaye da kayansa yana waige-waige, sai ya taho da shi gida. Inna Balaraba ta taɓa gaya wa matata cewa tun tana amarya ta daina auna gari daidai bakin mutanen gidan.

Ya kasance mai gaisuwa da gaske. In kun haɗu yana bisa keke, sai ya tsaya, ya sa ƙafa ƙasa, ya dubi fuskarka. In ka ce lafiya lau alhali ba lafiya ba, ba zai ƙaryata ka ba. Jira zai yi, har ka ji kana faɗin abin da ba ka yi niyyar faɗi ba.

Ya kasance yana ganin abin da muke wucewa. Akwai Asta, wata Bafillatana da ke kawo nono daga rugarsu ta wajen Kasuwar Daji, kullum da goyo a bayanta. Wata rana ta zo ba goyo. Mutane suka sayi nono suka tafi. Malam ne ya tambaye ta ina yarinyar, ta sunkuyar da kai ta ce Mai ita ya karɓe ta. Bai tsaya yi mata wa'azi ba. Ya leƙa ya kira Inna Balaraba, ta ja ta ciki, Asta ta yi kukanta, da yamma suka raka ta har ruga.

Amma abin da na fi so mu tuna shi ne shekarar da aka fara aiki da Shari'a a jiharmu. Mun yi murna, Malam ma ya yi. Har Gusau ya je ranar taron. Ba a daɗe ba sai rikicin Kaduna ya ɓarke, rediyo ba ta da wani labari sai na gawawwaki. A nan Allah ya tsare mu, amma tsoro ya shiga gidajen maƙwabtanmu Kirista, wasu suka fara fita da asuba ba sallama.

Ga ɗaya daga cikinsu, Jatau kafinta, can zaune, shi ya ba ni izinin in faɗi wannan. A unguwar nan ya auri Kyauta, a nan aka haifi 'ya'yansa, kuma da wuya gidan da ba aikin hannunsa. Wata safiya Malam ya tare ni ya ce ya kwana biyu bai ji gudumar Jatau ba, Kyauta ma ba ta fito famfo ba. Ya jingine keke ya yi sallama ya shiga gidansu.

Ya tarar da kaya a ɗaure. An kashe ƙanen Jatau a Kaduna, kuma mutanen gidan sun rufe ƙofa suna kukansu su kaɗai, don ba su san wa za su gaya wa ba. Jatau ya ce Malam bai ce masa kada ka tafi ba, bai kuma ce ba abin da zai faru ba. Zama ya yi a kan buhun kaya, ya tambayi sunan mamacin da 'ya'yan da ya bari, hawaye na zuba a gemunsa.

Bayan la'asar sai muka ga Malam ya fito da tabarma da buta da carbi, ya shimfiɗa a ƙofar gidan Jatau, ya fuskanci hanya. Ba mai iya wuce Malam Maitama bai gaishe shi ba. Duk wanda ya tsaya, in an gama gaisawa sai ya ce masa: "Maigidan na ciki, an yi mishi rasuwa."

Wasu suka shiga, wasu suka wuce. Gobe ya dawo, jibi ya dawo. Magana ta fara yawo a gari. Ismail, wanda lokacin yana cikin 'yan agaji, ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce ana surutu, ana cewa ba yanzu ne lokacin irin wannan ba. Shi ma ya ce in faɗa, don yana alfahari da amsar da ya samu. Malam ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce:

"Ismail, Shari'ar da na karanta ta ɗora mani haƙƙin wanga mutum tun kana rarrafe. In ban biya shi yau ba, yaushe? Tahi ka cika mani buta."

Ismail ya cika buta ya kawo, ya tsaya jim, sannan ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarmar. Ranar Juma'a Liman ya taho daga masallaci da jama'a a bayansa, suka shiga suka yi wa Jatau gaisuwa. Mata suka kai wa Kyauta tuwo da fura. Ba wanda ya san ranar da aka kwance kayan nan. Mun dai wayi gari yaran Jatau sun wuce makaranta. Gidaje da dama da suka yi shirin tashi suka fasa saboda abin da suka gani a wannan ƙofa.

Ranar da Allah ya karɓi Malam, mun kawo shi filin nan da rana tsaka muka yi sahu. Jatau ya tsaya can baya, ya cire hula. Da aka sallame muka juyo, sai muka tarar ya kwashe takalmanmu duka ya jera su a inuwar dalbejiya, don kada su ƙona mana ƙafa. Na ce masa sannu. Ya ce bai san abin da zai yi wa Malam ba, shi ne ya duba ya ga wannan.

Inna Balaraba, ba mu da abin da za mu cike miki wannan gurbi da shi. Amma ki sani duk baƙon da ya kwana a zauren nan tuwonki ya ci, ladan naku ne ku biyu. Ismail, Zulaihat, ku yi kuka, ba laifi ba ne. Mu ma muna yi. Ku riƙe mahaifiyarku, mu kuma ga mu a bayanku.

Muna godiya ga duk wanda ya bar gona ko kasuwa ko dabbobinsa ya zo. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Ya Allah, bawanka Maitama ya zo gare ka baƙo. Ka karɓe shi da rahamarka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Ka buɗe idanunmu ga mutumin da ke kusa da mu tun yana raye. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Liman, Allah ya gafarta malam, a yi mana Fatiha.