Ragona Ba Ya Barin Turke Sai Ruwa Ya Sauka

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu saurare. Ni ce Inno Hassi daga Horo Birni, ƙasar Shagari.

Tumaki bakwai gare ni, duk da ciki. Kakata, wadda ta yi budurcinta tun Turawa ba su shigo Sakkwato ba, ita ta koya mini cewa rago a turke yake zama, ba a sakinsa cikin tumaki sai ruwan farko ya sauka. Bayan wata biyar haihuwa ta faɗo a kaka, ga harawa, ga dusa, uwa ta samu nono.

Bara waccan ƙanena na Bodinga ya ce, "Yaya, wannan dabarar tsofaffi ce, saki ragon nan ki huta." Na sake shi. Sunka haihu tsakiyar bazara, ba ciyawa, nono ya ƙafe, ɗiya uku sunka mutu a hannuna.

Bana na koma ga ta kakata. Na share makwancinsu, na jibge harawa bisa rumfa, na tanadi kanwa. Haihuwa kawai nake jira, in Allah Ya so.

Malam, gaishe mini da ƙanen nawa. Ka ce mishi in sun haihu ya zo barka, amma ya baro shawararsa a Bodinga.