Za Su Cire Shi Gaba Ɗaya

Auta: Salamu alaikum. Halo? Yaya?

Yaya: Wa alaikumus salam. Ina jin ki, Auta.

Auta: Ina wuni? Ya jiki?

Yaya: Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya maigidan? Ya yara?

Auta: Duk lafiya. Ƙaramin ne ke haƙori, ya hana kowa sakat. Ya Baban yara? Ya su 'yan mata?

Yaya: Suna makaranta. Ya ɗinki?

Auta: Ga shi muna ta fama. Tun safe nake kiran ki ba ya shiga. Hayaniyar me nake ji haka?

Yaya: Ina asibiti ne, a kan bencin ƙofar likita. Ke ma ki tsayar da keken nan, ba na jin ki sosai.

Auta: Na tsayar. Asibiti kuma? Ba sai jibi za ki koma ba?

Yaya: Su suka kira ni. Sakamakon ya fito.

Auta: To? Yaya, to?

Yaya: Gefen naman bai fita tas ba.

Auta: Wane nama? Layin na yankewa.

Yaya: Wanda suka yanko a aiki na biyu. Kin san in sun cire ƙullutun sukan haɗa da naman da ke kewaye da shi, su duba. In gefen ya fita tas, shi ke nan, an bar miki nononki. Nawa sun duba, har yanzu akwai ciwon a bakin yankan.

Auta: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sau biyu fa! To su ƙara yankowa kaɗan mana.

Yaya: Me ya rage da za a yanko? Likitar ta ce za su cire shi gaba ɗaya. Ranar Talata ta sama.

Auta: Wayyo Allah. Ni ce, Yaya. Wallahi ni ce.

Yaya: Ke ce me?

Auta: Ni na nace ki ce a bar shi. Ke da kin ce a cire shi duka ki huta, na zauna ina ta yi miki surutu, wai mace da ƙuruciyarta. Da tuni an gama, ba a yanka ki sau uku ba.

Yaya: Ki daina. Ni na sa hannu a takardar, ba ke ba. Kuma na tambayi likitar yau, ido da ido. Ta ce a irin nawa, a cire ƙullutu a yi gashi, ko a cire duka, kwanan mutum kusan ɗaya ne. Ga wata nan kusa da ni, shekararta huɗu da yin irin aikina, zuwa kawai take yi a duba ta, har tana cin gyaɗa. Nawa ne ya zo da gardama.

Auta: Gashin ya fara zuba ne?

Yaya: Wane gashi?

Auta: Na ji kin ce gashi.

Yaya: Gashi na na'ura nake nufi, wanda ake haska wurin. Na kaina yana nan tukuna, shi ma an ce layinsa na zuwa.

Auta: Har kina da bakin wasa.

Yaya: In ban yi ba me zan yi? Saurara, akwai shawarar da suke jira in yanke. Sun ce za su iya gina min wani.

Auta: Gina me?

Yaya: Nono. Ko su sa roba a ƙarƙashin fata, ko su ɗebo naman cikina su haɗa shi a wurin.

Auta: Naman ciki? Ikon Allah! Kamar faci?

Yaya: Ke tela, komai faci ne. Ta nuna min hotuna. A cikin riga ba mai ganewa. Amma na ciki aikin yini guda ne, ga yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan. Robar kuma in aka yi gashi tana iya taurarewa, a sake buɗe ni. Kuma duk wanda aka yi, ba zan riƙa jin sa kamar da ba. Ko ruwan zafi ya zuba, sai dai in gani da ido.

Auta: Baban yara me ya ce?

Yaya: Ya ce rai yake so, sauran duk nawa ne. Ya faɗa yana kallon takalminsa. Yanzu ya fita wai zai sayo ruwa, ga ruwa a jakata. Na hango shi ta taga, ya jingina da mota ya rufe fuska.

Auta: Allah sarki. To ke me kike so?

Yaya: Na gaji da wuƙa, Auta. Sau biyu ina farkawa ina lalubar ƙirjina. Amma jiya babbar 'yata ta shigo ina canja riga, ta ga ramin da aka bari, ta juya da sauri kamar ta ga abin da bai kamata ba. Shekararta goma sha uku, nata yanzu suke fitowa. In ta ga fili fa?

Auta: Ki bari a gina, Yaya. A'a, kar ki ji tawa. Na daina ba ki shawara.

Yaya: In ban yi ba, za ki ɗinka min aljihu a cikin rigar nono, in riƙa cusa auduga?

Auta: Zan... zan ɗinka. Umma ta sani?

Yaya: Ba ta sani ba, kuma kar ki kuskura. Ita ta yi jinyar ƙanwarta a kan wannan ciwon har ta rufe mata ido. Da bakina zan gaya mata. Af, likitar ma ta tambayi dangi. Da na ce ƙanwar Umma, sai ta ajiye biro. Ta ce 'yan'uwana mata duk su zo a duba su. Ke kaɗai gare ni, sai ki shirya.

Auta: Ni lafiyata ƙalau.

Yaya: Ni ma lafiyata ƙalau na zo. Ranar Alhamis suke dubawa.

Auta: Alhamis ina da kayan mutane.

Yaya: Kayan mutane sun fi... Auta? Me ya sa muryarki ta canja?

Auta: Ba komai. Layin ne.

Yaya: Ni na goya ki, kar ki yi min ƙarya. Mene ne?

Auta: Yaya, naki da kika fara jin sa, yana motsi in kin taɓa?

Yaya: Ba ya motsi. Me ya sa kike tambaya?

Auta: Yana zafi?

Yaya: Auta!

Auta: Na hagu ne, wajen hammata. Na ɗauka ruwan nono ne ya kwanta bayan yaye.

Yaya: Tun yaushe?

Auta: Tun kafin aikinki na farko.

Yaya: Wata huɗu? Kina zaune bakin gadona kina goge min fuska, da wannan a jikinki?

Auta: Na ga yadda suka yi da ke, Yaya. Ba zan iya ba.

Yaya: Rufe shagon nan yanzu ki hau mota. Ina nan a kan bencin, ba zan tashi ba sai kin zo. Zan roƙi likitar ta gan ki yau.

Auta: Ga mai kaya ta shigo. Sai anjima.

Yaya: Kar ki kashe! Auta, don girman Allah kar ki... Halo? Auta? Auta!