Waƙar da ba a sawa a biki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Maman Safiya ce daga Kwali.

Mijina, Allah ya jiƙansa, direban tasi ne. Faifai ɗaya yake sawa, daga farko har ƙarshe. Bayan rasuwarsa faifan ya karce, na je kasuwar Wuse a tura mini a waya. Mai shagon ya ce, "Hajiya, yanzu ɗai-ɗai ake saye. Wadda ta yi tashe kawai gare ni."

Na karɓa. Amma da ta ƙare, kunnena sai ya tsaya jiran ta bayanta, wata mai sanyi da yake bi a hankali yana tuƙi. In na lumshe ido, ina gefensa.

Masu sauraro, tunda faifan ya lalace, ina zan samo ta?