Ɗakin Anti Likita da Aka Mayar Sito

Ranka ya daɗe shugaban asibiti, manyan baƙi, Baba mijin marigayiya, 'ya'yanta, da ku 'yan'uwana da muka sha zama a bencin ƙofarta, assalamu alaikum.

Ni direba ne, ban iya jawabi ba. Waɗanda muka tsira daga yaƙi da ɗakin azaba su suka ce in tashi, in yi maganar Anti Likita da ɗakinta da aka rufe mana.

Lokacin da nake tsare, kaina ake dannawa cikin duro cike da ruwa. Na fito na yi shekara uku ban iya watsa ruwa a fuska ba, sai dai in goga da tsumma. Anti ba ta ba ni ƙwaya ba. Robar wanka cike da ruwa ta ajiye a tebur ta ce, "Ƙanina, yau tafin hannu kawai." Mako na gaba, goshi. Ina neman tashi tana kallon agogo tana cewa, "Kar ka tashi, tsoron zai riga ka gajiya." A zama na shida na wanke fuskata da sabulu, matata na tsaye tana kuka.

Ta kasance mai raka mutum har wurin da yake tsoro. Ta kasance ba ta cewa kowa "ka manta." Ta kasance tana aiki a ɗakin da ke jikin banɗaki, don nan aka ga ya dace da mu.

Jiya na leƙa ta tagar ɗakin. Anti ko wata ba ta yi a kabari ba, an cika shi da karyayyun kujeru da katifu masu zarni, an danna kwado. Robarta kuwa, a ciki mai shara ke wanke tsumman goge ƙasa. Tir! Yau kuma ga ƙaton hotonta, ga furanni, ga masu kiran aikinta "wasan ruwa" suna share hawaye. Wallahi abin ƙyama yake ba ni.

Mutum goma sha ɗaya ta bari a tsakiyar magani. Akwai wata malamar makaranta, ita ta ce in faɗa: zamanta uku, sai yanzu take iya minti biyu a ɗaki a rufe. In aka bar ta haka, baya za ta koma. Akwai nas biyu da Anti ta koya wa aikin, a shirye suke, ɗaki ne babu.

Baba, ku yi haƙuri, ban zo ɓata muku taro ba. Ranka ya daɗe, Litinin ƙarfe tara muna nan tafe. In mun tarar da kwado, a baranda za mu yi zaman maganin, duk mai wucewa ya gani.

Mun gode. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ku haƙuri, Ya sa malama ta cika zamanta shida. Amin.