Shayin da Kawu bai sha ba

Salamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni ɗalibi ne a Alƙahira.

Makon jiya kawuna, mai ɗaukar nauyin karatuna, ya ziyarce ni, ya ce in kai shi shan shayi a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin. Kin san dattijo ba ya sha a bakin titi, sai na zaɓi wani shago mai labule. Muna shiga na hango kwalaben giya. Kafin Kawu ya lura, wani ma'aikacin shagon ya dubi hularsa ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Alhaji, babu wurin zama." Muka fito Kawu yana faɗa, wai ba su san darajar baƙo ba. Ni kuwa hamdala kawai nake.

Masu sauraro, in faɗa masa gaskiya, ko in bar shi da fushinsa?