Gwangwanin Ja-da-Yalo da Ramin da Aka Gina Mini

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Ceto, wanda ya janyo ni daga bakin rami. In na ce rami, ba misali nake yi irin na masu wa'azi ba. Rami ne na gaske, da diga aka fara gina shi, har gobe ina iya kai ku wurin.

Fasto ya ce in rubuta shaidata, wai in aka ba ni baki a majami'a sai tuwon jama'a ya huce a gida. To, ga ta. Kuma in hutar da ku tun yanzu: kowane labari da wawansa, na wannan kuwa ni ne, Ayuba. Kada yara su yi ta waige suna neman wani.

Abin ya faru zamanin da arzikin man fetur ya shigo ƙasa, lokacin da kowane ƙato ya rataya rediyo ya sa wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa. Ni a sa'an nan na ba talatin baya, da mata da 'ya'ya, ina malamin sikeli a fulotin auduga, inda ake awo da sayenta, kusa da Yargoje. Aji huɗu na yi a makaranta, amma in kun ga yadda nake soka biro a gashi, kwa rantse daga Ingila na sauka. Gashin nan kuwa na tara shi kamar kwando, kullum ina dulmuya shi da wani mai na kwalba mai kauri. In rana ta take, sai ya narke ya gangaro goshi da kumatu.

Sai ƙuraje suka fito. Irin na samari masu tashen balaga, a fuskar magidanci! Da fari 'yan ƙanana a goshi. Daga baya suka sauko haɓa da wuya suka zama manya, masu tauri, masu zugi, in ɗaya ya fashe biyu su tsiro.

Matata Rifkatu ta ce, "Maigida, aske kwandon nan ka bar wannan mai, ka riƙa wanke fuska da sabulun salo."

Na ce, "Ke, maganar jini ce, ba ta kai ki ba."

Babu abin da ban gwada ba. Wanzami ya matse su ya kafa mini ƙaho a ƙeya. Na shafa toka da lemun tsami. Na shafa man goge haƙori na zauna fari fat kamar dodon gona. Wani direba ya ce man birki, na shafa man birki, fatar ta saɓule.

Daga nan mutane suka fara kallona ta gefen ido. Wanda muke cin akushi ɗaya sai ya ce ya ƙoshi. Ba wanda ya furta, amma na san kalmar da ke bakinsu: kuturta. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin kalmar nan ba. A wancan lokaci in ta manne wa mutum, bayan gari ake kai shi da ƙoƙonsa.

Mutum ɗaya bai janye hannu daga akushina ba, shi ne maƙwabcinmu Alhaji Sule, mai motar da ke kwasar auduga. Ya ce, "Malam Ayuba, na san kuturta, wagga ba ita ba ce. Amma ka tahi asibiti a duba ka. Ga mota tana zuwa Zariya kullum."

Na ƙi. Tsoro nake ji kada in shiga asibiti su riƙe ni.

Ran kasuwar Yankara na gamu da aminina Bitrus, tela ne a Damari, mai fama da gyambo a ƙwauri. Shi ya kai ni wurin masu tallar magani a faranti, ya nuna mini kafson nan rabi ja rabi rawaya, wanda kowa ke kira ja-da-yalo. Ya ce babu ciwon da ba ya kashewa. Na saya, na riƙa haɗiya kullum ina kora shi da fura da nono. Ƙurajen suka ɗan lafa, ba su tafi ba. Na ce lallai yawa ne bai kai ba.

Wata kasuwar, Bitrus ya jawo ni bayan rumfuna, bakinsa har kunne. Wani baƙon ɗan talla ya sayar masa da gwangwani guda, cike, a arha. Takardar jikinsa rana ta cinye ta, ba a ganin ko harafi. Kafson ciki sun manne da juna, sai an ɓamɓare. Muka raba, shi ya juye rabonsa a aljihun riga, ni na taho da gwangwanin.

Rifkatu ta fasa guda a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Na farkon da ka kawo garinsa kamar ɗorawa yake. Wannan kuwa kamar ƙasar gara. Ga shi da danƙo."

Na ce, "Magani ai kamar daddawa yake, in ya kwana biyu ƙarfi yake ƙarawa." Na faɗi haka da muryar aji huɗu.

Ba a daɗe ba ƙishirwa ta kama ni. Ba irin ta mai noma ba. In sha moɗa guda, kafin in ajiye maƙogwarona ya bushe. Fitsari kuwa kamar an fasa tulu. Abinci ya fita raina, zuciya tana tashi, ƙafafuna suka yi nauyi har buhun da nake ɗagawa da hannu ɗaya ya gagare ni. Na ce wa kaina magani ne ke wanke jini.

Sai saƙo ya zo daga Damari. Bitrus ya rasu.

Na je. Bayan mun rufe shi, muna zaune a zaure, matarsa tana ba mata labari daga cikin gida, muryarta tana fitowa ta katanga. Ta ce, "Ba gyambon ba ne. Ruwa ya yi ta sha, randa guda ba ta kai masa yamma. Fitsari ba tsayawa. Sai amai. Daga ƙarshe numfashinsa ya koma kamar na wanda ya yi gudu, alhali yana kwance."

'Yan'uwa, tana wannan magana moɗa na hannuna. Na kalli randar da aka ajiye wa masu zaman makoki, na ga ni kaɗai na kusa kai ta ƙasa. Na saurari numfashina.

Kuna tsammani na gane? Ina! Na ce ciwon Bitrus ne ya kama ni a wurin rabon magani, to me zai kashe shi in ba ja-da-yalo ba? Na koma gida na ninka abin da nake sha. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma yi addu'a ba. Ni da nake karanta sanarwa a majami'a ran Lahadi, gwangwani na mayar abin dogarona, ina ɓoye shi a saman rumbu kamar tsafin kakanninmu.

Wata safiya ina tsaye gaban sikeli, lambobin suka fara iyo. Abin da na sani kuma, ina kwance a kan buhunan auduga a bayan motar Alhaji Sule, rana tana dukana, kaina a cinyar Rifkatu. Alhaji ya bar lodinsa rabi ya ce wa direba ya taka.

Ina jin numfashina, irin wanda matar Bitrus ta kwatanta, ba bambanci. Sama ta fara yin duhu daga gefe-gefe, ga shi hantsi ne. Na so in yi magana, harshena ya zama kamar busasshiyar fata.

Rifkatu ta dafa goshina, a kan ƙurajen nan da kowa ke ƙyama, ta ɗaga murya sama da ƙarar inji. "Ya Yesu, ga Ayuba. Ka san taurin kansa, kai ka yi shi. Ba don halinsa ba, don jinƙanka, kada ka bar shi ya mutu a hanya kamar kaya!"

Nan zuciyata ta karye. Ban iya buɗe baki ba, a ciki na ce, Ubangiji, na ji tsoron bakin mutane fiye da kai, na amince da gwangwani fiye da kai. Ban san kome ba. Ka cece ni! Duhun bai tafi ba, amma ya tsaya inda yake, bai ƙara matsowa ba har muka shiga Zariya. Yabo ga sunansa!

A asibiti likita ya tambayi abin da na ci. Ni ba baki. Rifkatu ta kwance bakin zanenta, ga kafso ƙulle a ciki. Ashe ta ɗebo kafin mu taso. Likita ya fasa ɗaya, fuskarsa ta canza. Ya ce irin wannan magani in ya tsufa ya sha rana guba yake komawa, ƙoda yake ci. Aka ɗaura mini ruwa, aka ce wa Rifkatu sai abin da Allah ya yi.

Alhaji ya koma gida ya ce wa 'yan'uwana, "Sai dai addu'a." Kafin maganar ta zagaya unguwa ta zama Ayuba ya cika. Ƙannena suka ɗauki diga suka nufi maƙabarta. Ramin da suke haƙa ya kai gwiwa kafin Alhaji ya ji, ya bi su da gudu da babbar riga yana salati.

Ban mutu ba! Sannu a hankali ƙishirwa ta ragu, ƙoda ta farfaɗo, ranar da na ce a ba ni kunu Rifkatu ta fashe da kuka.

Da na samu ƙarfi, likita ya dubi fuskar. Ya ce ba kuturta ba ce, ƙuraje ne, manya ma suna yin su, kuma man gashina ne ke toshe fata. Ya ce ja-da-yalo sabo ma ana ba masu irin wannan, amma da ƙa'ida, kuma nono yana hana shi shiga jiki, shi ya sa na farko bai yi mini kirki ba. Ni dai ya ce kada in ƙara kusantarsa. Ya sa aka aske kwandon. Ya ce sabulu mara ƙamshi safe da yamma, ban da matsa, ban da ƙaho. Ya ba ni abin shafawa mai warin farar wuta. Sai da ƙodata ta warke sarai ya ɗora ni a kan wata ƙwaya daban mai kashe ƙwayoyin cuta, ya faɗi yawan da zan sha da lokacin da zan daina. Ya ce haƙuri, watanni ne ba kwanaki ba. Haka kuwa aka yi. Suka bushe, suka bar mini ramukan nan da jikokina ke sa yatsa a ciki.

Na gode wa Ubangiji da ya ji addu'a a bayan motar auduga. Na gode masa don Alhaji Sule, da likitan da ko sunansa ban riƙe ba. Bitrus bai samu wanda zai ƙulle kafso a bakin zane ba; ni ban fi shi da kome ba, jinƙai ne kawai. Ku dogara ga Yesu, 'yan'uwa. Ku 'yan mata da samari masu shafe-shafe, da ku dattawa masu sayen ƙwaya a faranti, ina ganin ku. Ku yi addu'a, ku je a duba ku, kada kunya ta kai ku inda ta kusa kai ni.

Saura abu ɗaya, don kada ku ce na fita wawa gaba ɗaya. Bayan na dawo gida na hau rumbu, ban ga gwangwani ba. Na ce, "Rifkatu, ina sauran maganin nan? Ba sha zan yi ba, amma ko awaki ai sa amfana."

Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗenta ba.

Ta ce, "Yana cikin ramin da aka gina maka. Na ga an riga an yi wahala, dole ɗayanku ya shiga, kai ko gwangwanin. Kada ka sa in fara tunanin ko na yi kuskuren zaɓe."