Makullin Ɗakin Janareta

A tasha, mota ta ƙi cika. Wata mata sai duba agogo take yi, dattijon da ke gefenta ya tanka.

"'Yata, lafiya?"

"Baba, an ɗauke wuta a asibitinmu. Ni ce shugaba, makullin ɗakin janareta kuma yana jakata."

"Kira mataimakinki mana. Ai ba a rasa makulli na biyu."

"Na biyun ma yana jakata. Ban taɓa sakar wa kowa ba, gani nake ɓata min aiki za su yi."

"To, su ɓalle ƙofar!"

"Ta ƙarfe ce. Ni na sa aka yi."

Dattijon ya dafe ƙirji.

"Wane asibiti ne, 'yata? Jikata bakwaini ce, tana cikin kwalba tun jiya."